Me ya sa wani sauron ya fi son jinin mutum a kan na dabba?

Ɗalibar Kimiyya: Salamu alaikum. Don Allah masana, sauron Aedes aegypti mai yaɗa shawara da denge, koyo ya yi ya fi son mutum, ko a halittarsa abin yake?

Malamin Ƙwari: Wa alaikumus salam, Malama. Gado ne. Iri biyu ne: na daji, mai zuba ƙwai a kogon bishiya yana cizon dabbobi, da na gida mai bin mutum. A binciken da aka wallafa a 2014 aka kwatanta waɗanda aka samo daga Rabai ta Kenya, aka gano ƙwayar gado mai suna Or4 ta fi ƙarfin aiki a eriyar na gida, wato gaɓar da yake jin wari da ita. Ita ke jin sinadarin sulkaton, wanda ya yi yawa a warin jikinmu. Bincike na 2020 a wurare 27 na Afirka ya nuna son mutum ya fi tsanani a Sahel, musamman Senegal. Rani mai tsawo ne sanadi: idan ko'ina ya bushe, ruwan da ya rage wa macen sauro don zuba ƙwai shi ne na randa da tulu. Ta saba da gida, ta saba da mai gidan. An ƙiyasta rabuwar na daji da na gida ta faro kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ke bushewa.

Mai Binciken Jijiya: Ƙari a kan bayanin Malam, farautar mataki-mataki ce. Iskar numfashinmu ce ke fara tayar da macen sauro, sai warin fata ya ja ta, zafin jiki kuma ya nuna mata inda za ta sauka. A gwaji an kashe mata ƙwayar gadon Gr3, ta daina jin numfashi, amma da ta matso kusa sai ta samu mutum. An kashe wata ƙwayar gadon jin wari mai suna orco, ta kasa fifita mutum a kan dabba, duk da haka ba ta fasa cizo ba. A 2022 aka ga dalili: jijiyar ƙamshi guda na iya ɗauke da masu karɓar wari iri daban-daban. Ka toshe ƙofa ɗaya, wata a buɗe take. Shi ya sa maganin korar sauro mai kama hanya guda tak ke da wuya.

Jami'in Tsafta: 'Yar'uwa, amfanin sanin nan a gida yake. Wannan sauron da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ƙwansa a jikin randa yake mannewa, dab da saman ruwa, yana jure bushewa watanni. Zubar da ruwa kawai ba ya kashe shi, sai an goge cikin da soso. Daga ƙwai zuwa babban sauro kwana 7 zuwa 10 ne, don haka a wanke duk mako, a rufe da murfi mai kamawa, a kife tsoffin gwangwanaye, a huda tsoffin tayoyi.