Shekarun fara gwajin sankarar mama: abin da kowaccenmu ta gani

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 43, ina zaune a Ingila, inda ake gayyatar mata hoton nono na mamogiram daga shekara 50 zuwa 71, sau ɗaya cikin shekara uku. Lokacina bai yi ba ke nan, amma hankalina ya ƙi kwanciya, domin wannan cuta ce ajalin yayar mahaifiyata. Wadda ta san hanya ta taimaka mini.

Wata daga Amurka:
Wa alaikumus salam. A nan, kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya sauko da shekarun farawa daga 50 zuwa 40 a 2024, duk bayan shekara biyu har zuwa 74. Na je ina da 41, sai aka sake kirana saboda naman nonona mai kauri ne, hoton bai fito sarai ba. Kwana goma na yi ba barcin kirki kafin a tabbatar ba komai. Irin wannan fargabar ce ta sa masana ke saɓani kan farawa da wuri, amma ni ban yi nadama ba.

Wata 'yar uwa:
Ƙanwata, ƙa'idar shekaru ta mata ce masu matsakaicin haɗari. Mahaifiyata ta kamu tana da 41, yayata ma haka, don haka likita ya tura ni gwajin ƙwayar gado, aka sami canji a BRCA1, ƙwayar gadon da canjinta ke ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mama. Tun daga nan ake yi mini hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu, duk shekara. Ki rubuto waɗanda suka kamu a dangin uwa da na uba, da shekarun da kowa ya kamu, ki kai wa likitanki.

Ma'aikaciyar jinya:
Abin da ya fi damuna shi ne masu jiran gayyata alhali da alama a jikinsu. Ni kaina na taɓa ƙullutu kamar ƙwayar wake ina wanka, ina da 38, na yi wata huɗu ina cewa ai ban kai ba. Allah ya sa an kama shi da wuri. Gayyatar ta marasa alama ce. Ƙullutu, ko jini daga kan nono, ko lotsawar fata, ba sa jiran shekaru.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau zan kira mahaifiyata in ji shekarun da yayarta ta kamu.