Neman shawara: manhajar da na rubuta wa wani kanti a Daura ta lalata kundin bashi bayan an ɗauke wuta

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa na wannan zaure. Ina zaune a cikin birnin Katsina, kuma wata biyar ke nan da na rubuta wa wani abokin mahaifina manhajar lissafi domin kantinsa na sarin kayan masarufi da ke Daura. Da harshen Python na rubuta ta, da Tkinter na gina fuskarta, bayanan suna cikin rumbun bayanai na SQLite, sannan na haɗa ta da PyInstaller ta zama fayil guda. Tana riƙe da adadin kayan da ke sito, da cinikin yini, da bashin da ake bin ƙananan 'yan kasuwa waɗanda ke karɓar kaya su biya bayan sun sayar. A kwamfutata ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma a kanti labarin daban ne.

Idan aka fitar da rahoto aka buɗe shi a Excel, kalmar gyaɗa tana fitowa a matsayin gyaÉ—a, haka ma duk sunan da ke da ƙ ko ɓ. Tsohuwar kwamfutar sito mai Windows 7 kuwa ta ƙi buɗe manhajar sam, tana cewa babu api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll. A da kuma, idan ana shigar da sabon farashin kaya, wanda ya kai layi 3,000, fuskar takan daskare na kusan minti ɗaya, amma wannan na riga na magance shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne na jiya. An ɗauke wuta ana tsaka da rubuta ciniki, kwamfutar da ke kan teburin ciniki ta mutu, da aka tayar da janareta sai manhajar ta riƙa cewa "database disk image is malformed". Wato fayil ɗin rumbun bayanan ya lalace. Yana kan wannan kwamfutar, Alhaji mai kantin kuma yana buɗe shi daga tasa ta ofis ta hanyar foldar da na raba musu. Bashin mutane ne a ciki, kuma saboda amincewa da ni Alhaji ya rage rubuta shi a littafi. Ina roƙon a nuna mini inda zan fara.

Wani malamin kwamfuta, Katsina:

Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka kira kanti yanzu ka ce kada kowa ya sake buɗe manhajar, a koma littafi da biro na ɗan lokaci. Sannan a kwafi foldar gaba ɗayanta, da duk abin da ke cikinta, a sa a filash biyu, kuma duk gwajin da za ka yi ka yi shi a kan kwafi. Ina da tambayoyi biyu, don SQLite ba ya saurin lalacewa saboda ɗauke wuta kawai, an gina shi ne ya jure hakan. Da ka ce ka magance daskarewar, me ka canza takamaimai? Kuma bayan wutar ta dawo, akwai wani fayil da ya bayyana kusa da rumbun bayanan wanda sunansa ya ƙare da -journal?

Mai neman shawara:

Allah ya saka da alheri, Malam, na kira an kwafa. Na ga an rubuta a intanet cewa PRAGMA synchronous=OFF yana ƙara sauri, na sa, daskarewar kuma ta ragu ƙwarai. Fayil ɗin da ka ambata ya bayyana. Yaron kanti ya karanta mini sunansa a waya tun kafin ya buɗe manhajar, na zaci tarkace ne da mutuwar kwamfutar ta bari, na ce ya goge shi.

Malamin kwamfuta:

To, ga bakin zaren. Ba don in ɗora maka laifi ba, ɗana, zan yi bayanin dalla-dalla domin da yawa a zauren nan suna rubuta irin wannan manhaja.

Duk lokacin da SQLite zai canza wani abu, yakan fara rubuta tsohon abin da ke shafukan da zai taɓa a cikin wancan fayil na -journal, ya tabbatar ya sauka a kan faifai, sannan ya taɓa ainihin rumbun. Idan aikin ya kammala sai ya kawar da shi da kansa. Idan kuwa wuta ta ɗauke a tsakiya, fayil ɗin yakan rage, kuma a buɗewa ta gaba SQLite zai karanta shi ya mayar da komai yadda yake kafin cinikin da bai kammala ba. Wato abin da aka goge shi ne maganin da ya tanada wa kansa. Shi kuma synchronous=OFF cewa yake yi kada a jira faifai ya tabbatar da rubutu, a miƙa wa Windows a wuce. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ana iya daɗewa ba a ga illarsa ba, amma ba a Daura ko Katsina ba, kuma ba a kan kwamfutar tebur marar batir ba. Garin neman gira ne aka rasa ido.

Asalin daskarewar ma ba daga nan take ba. Ina kyautata zaton kana yin commit, wato tabbatar da rubutu a kan faifai, bayan kowane layi. Masu SQLite sun bayyana cewa faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ba ya ɗaukar fiye da kimanin commit 60 a daƙiƙa, to ka raba 3,000 da 60 ka ga daƙiƙa 50, wato kusan minti ɗayan da ka faɗa. Ka shigar da layukan duka sannan ka yi commit sau ɗaya a ƙarshe, za ka ga aikin ya gama cikin ɗan lokaci ba tare da ka taɓa synchronous ba. Wannan ya fi ma ta fuskar lissafi, domin ko dai sabon farashin ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba, babu rabi da rabi. Fuskar kuma tana daskarewa ne saboda aikin yana gudana a zaren aiki (thread) ɗin da Tkinter ke sauraren linzami da madannai, kuma Windows na ɗaukar taga a matsayin marar amsawa idan ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙonninta ba. Duk aiki mai tsawo ka kai shi zare na biyu, wanda zai buɗe nasa haɗin da rumbun, zaren fuska kuma ya riƙa leƙa sakamakon ta hanyar after.

Game da ceto, ka fara duba kwandon shara na Windows, wataƙila fayil ɗin na nan. Sai dai idan manhajar ta sake rubuta wani abu a rumbun bayan gogewar, kada ka mayar da shi sai a kan kwafi, don yana iya ƙara ɓarna. Idan babu, ka sauko da sqlite3 na layin umarni, ka gudanar da PRAGMA integrity_check ka ga girman ɓarnar, sannan ka yi amfani da umarnin .recover, wanda aka ƙara a 2019, ka zuba abin da ya tsamo a sabon rumbu. Abin da ya fito kada ka yarda da shi ido rufe. Ka zauna da Alhaji ku gwada shi da rasitai da abin da ya rage a littafi, mutum bayan mutum, domin kuskure a bashi zalunci ne ko ga mai kanti ko ga wanda ake bi.

Wata 'yar uwa mai rubuta manhaja:

Malam ya gama da babbar matsalar, ni zan taɓa haruffa. Ƙanena, bayananka ba su lalace ba, karatu ne ya saɓa. A tsarin UTF-8 harafin ɗ bait biyu ne, C9 da 97. Excel, idan bai ga alama a farkon fayil ɗin CSV ba, yakan karanta da tsohon tsarin Windows-1252, wanda babu haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa, sai ya nuna kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa, É da dogon layi. Shi ya sa ƙ ke zama Æ™, alamar naira kuma, mai bait uku, ta zama â‚¦. Idan za ka buɗe fayil ɗin don rubutawa ka sa encoding="utf-8-sig", zai ɗora alamar da Excel ke nema. Kuma ka saba da bayyana encoding a duk inda ka kira open, kada ka bar wa kwamfuta ta zaɓa.

Akwai wata matsalar da ba ka ambata ba, amma na tabbata tana tafe. Mai kanti zai rubuta gyada babu ƙugiya ya nema, manhajar ta ce babu. Kuma umarnin bincike na LIKE a SQLite a haruffan Ingilishi kawai yake daidaita babba da ƙarami, don haka Ƙ da ƙ abu biyu ne a wurinsa. Ga shi Daura na bakin iyaka, inda za ka haɗu da rubutun Nijar mai amfani da ƴ a wurin da mu muke rubuta 'y. Ni abin da nake yi shi ne in ajiye sunan yadda yake daidai, sannan in ƙara gurbi na biyu da na mayar da komai ƙananan haruffa marasa ƙugiya, a nan ake bincike, a nuna na farkon.

Wani mai gyaran kwamfuta, Daura:

Ta Windows 7 ba ta da wuyar ganewa, na sha ganinta. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a kanta, daga 3.9 zuwa sama sai wannan saƙon na dll ya fito. Don Allah kada ka sauko da dll ɗin daga shafukan da ba ka sani ba. Ko ka sake haɗa manhajar da 3.8, ka kuma duba ko kwamfutar mai bit 32 ce, ko a sauya mata Windows, tunda an daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. A saya wa kwamfutar teburin ciniki ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ko na minti goma ne ya isa a rufe aiki. Shawarata kuma ita ce ka bar SQLite gaba ɗaya ka koma PostgreSQL, rumbun da kwamfutoci da yawa ke iya aiki da shi lokaci guda, tunda kwamfuta fiye da ɗaya ke amfani da bayanan.

Malamin kwamfuta:

Na yarda da kai a kan UPS, kuma ka taɓo gaskiya game da raba folda. Kulle fayil ta hanyar sadarwa ba abin dogaro ba ne, masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kai, kuma tsarin WAL, wata hanyar rubutu ta daban da aka ƙara wa SQLite a 2010, wanda wasu za su ce a kunna, ba ya aiki a kan foldar da aka raba. Amma ba na ganin a yi ƙaura a wannan makon. Mai manhajar yana Katsina, kanti yana Daura, idan uwar garken PostgreSQL ta ƙi tashi da safe babu wanda zai iya tayar da ita a kantin. Tambayar ita ce me Alhaji ke yi a kwamfutarsa. Idan dubawa kawai yake yi, a bar kwamfuta ɗaya tak tana rubutu, manhajar ta riƙa fitar masa da kwafi ta hanyar backup na sqlite3 ko VACUUM INTO, ba ta kwafar fayil da hannu ana tsaka da aiki ba. Ranar da aka buƙaci mutum biyu su riƙa rubuta ciniki lokaci guda, a ranar PostgreSQL ya zama dole, kuma zan taya ka.

Ƙari ɗaya, ɗana. Ina zaton ka ɓoye baƙar tagar umarni wajen haɗawa da PyInstaller, don haka kurakuran manhajar ba su da inda za su fito, shi ya sa kake dogaro da abin da yaro ya karanta maka a waya. Ka yi amfani da logging ta riƙa rubuta kowane kuskure da lokacinsa a fayil cikin AppData, ka kuma haɗa report_callback_exception na Tkinter da shi, sai a turo maka fayil ɗin ta WhatsApp ka gani da idonka.

Mai neman shawara, bayan kwana uku:

Alhamdu lillahi, na je Daura. Ba a sami fayil ɗin a kwandon shara ba, amma .recover ya tsamo jadawalin kaya da na bashi, sai cinikin ranar da wasu layuka 14 na biyan bashi da suka ɓace. Mun zauna da Alhaji bayan la'asar muka cike 11 daga rasitai. Na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru da kuskuren da na yi, ya ce a ci gaba da littafi tare da manhajar har wata ya ƙare, kuma na ga dacewar hakan. Na cire synchronous=OFF, na mayar da commit sau ɗaya, shigar da farashi yanzu bai kai daƙiƙa 2 ba. Gyaɗa ta fito daidai a Excel, Yaya, na gode, gurbin bincike kuma ina kan rubuta shi. Alhaji dubawa kawai yake yi, don haka na rufe rabon foldar, manhajar na fitar da kwafi duk lokacin da aka rufe ta. UPS zai iso ranar Asabar, kwamfutar sito kuma mun ajiye ta tukuna.

Sauran layuka uku na mutanen da suka biya hannu da hannu ne ba a ba su rasit ba. Alhaji ya ce zai tambaye su da kansa idan sun zo karɓar kaya, kuma abin da suka faɗa shi za a rubuta.