Me za mu kira irin su Ali Mazrui da Hausa?

1/ Jiya ina fassara wani rubutu a kan Ali Mazrui, marigayi farfesan kimiyyar siyasa ɗan Kenya, sai na ci karo da "public intellectual". Na rubuta "masani", na goge. Masana sun cika jami'o'i, amma ba kowannensu ne ke fitowa bainar jama'a ya faɗi abin da zai hana masu mulki barci ba.

2/ Ku dubi tafiyar mutumin. A Mombasa aka haife shi, 1933. A Jami'ar Makerere ya fara suna, har mulkin Idi Amin ya sa ya bar Uganda a 1973, ya koma Amurka. A 1979, cikin laccocin Reith na BBC, ya ce ya kamata Afirka ma ta mallaki makamin nukiliya, har ya ambaci Najeriya.

3/ Abin da ya shigar da shi gidajen mutane shi ne shirin talabijin mai kashi tara da ya gabatar a 1986 kan gadon Afirka uku: na gargajiya, na Musulunci, da na Turawa. A wancan lokacin yana da kujerar farfesa a Jami'ar Jos. Lynne Cheney, shugabar hukumar Amurka da ta ba da wani ɓangare na kuɗin, ta ce shirin cin mutuncin Yamma ne, ta sa aka cire sunan hukumar. Wole Soyinka kuma ya zarge shi da fifita Musulunci a kan gargajiya, suka yi ta kai ruwa rana a mujalla.

4/ To, wace kalma za ta ɗauki wannan? "Ɗan boko" ta yi faɗi, wani lokacin ma gori ce. "Mai sharhi" ta yi masa kaɗan, don ba jiran labari yake ya faru ba, shi ke tayar da zancen. "Masanin fage" ta so ta yi, saboda fagen dambe, inda ake shiga da shirin shan naushi. Sai dai kunne zai ji kamar ƙwararre a wani fanni ake nufi.

5/ Ni dai na tsaya a kan "masanin dandali". A dandali kowa ke taruwa, yaro da babba, kuma duk wanda ya yi magana a can za a mayar masa. Na san wasu za su ce dandali wurin gaɗa ne. Amma ai yau muna cewa dandalin sada zumunta ba wanda ya tuna da gaɗa.

6/ Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fama da Faransanci, yaya kuke cewa a can?