Wai da gaske George Washington da kansa ya ƙi yin tazarce?

Ɗan_Majalisa:
Salam jama'a, dan Allah masana tarihi ku raba mana gardama. Jiya da daddare muna hira a majalisa abokina ya ce wai George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda hotonsa ke jikin dala ɗaya, da kansa ya sauka daga mulki ba doka ce ta tilasta masa ba, ni kuma na dage ai tsarin mulkinsu ne ya ƙayyade wa'adi biyu. Waye ke da gaskiya a cikinmu?

Malam_Tarihi:
Wa'alaikumussalam ƙanina, abokinka ne da gaskiya. Dokar wa'adi biyu sai 1951 ta shiga kundin tsarin mulkinsu, bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe har sau huɗu. Washington ya hau a 1789 ya sauka a 1797, kuma da ya nemi na uku da wuya a samu mai kayar da shi. Abin da ya fi burge ni ma shi ne na 1783, lokacin ana gab da gama yaƙi da Ingila, sojoji duk a hannunsa kuma suna cike da fushi saboda ba a biya su haƙƙinsu ba, hafsoshi a sansaninsu na Newburgh har sun fara maganar yi wa majalisar ƙasa bore, shi ne ya shiga taronsu ya ciro tabarau zai karanta musu wasiƙa, ganin yadda ya tsufa a wannan yaƙin sai jikinsu ya yi sanyi. Watan Disamba ya je garin Annapolis ya mayar wa majalisa muƙaminsa na babban kwamandan soja ya koma gonarsa ta Mount Vernon.

Maman_Khadija:
Malam duk abin da ka faɗa haka yake, amma wallahi gonar nan da ya koma bayi ne ke noma ta, a daina tsallake wannan. Lokacin da ya rasu a 1799 mutum 317 ne ke bauta a wurin, 123 nasa ne na kansa, sai a wasiyyarsa ya ce a 'yanta su bayan mutuwar matarsa Martha. Akwai wata yarinya Ona Judge da ta gudu a 1796, har aikawa ya yi a kamo ta, Allah bai ba su sa'a ba.

Ɗan_Majalisa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Labarin Ona Judge ɗin nan ya tsaya min a rai, yau in an haɗu duka biyun zan kai musu.