Musayar Waƙa: Turancin Titin Ingila

Ɗan Landan: Salamu alaikum ma'abota baiti. Ga ƙwar biyu daga Bakano, mai ƙarfi ya ɗauka.

Na je Ingila na sha mamaki,
Turancin aji can ba ya aiki.
"Quid" fam ɗaya ne in ka je kanti,
"Skint" aljihu ne ya bushe har ciki.
"Knackered" gajiya ce mai kai ka ƙasa,
Tushenta mahaucin tsohon doki.
"Cheers" na gode ce, ba sai an sha ba,
Direban bas ma ana ce mai, ba tsaki.

Gwanar Zazzau:

Bakano ya je Landan ya dawo,
Kalma huɗu rak ya iya kawo.
Mai son sanin "skint" sai ya dube ka,
Ko alewar yara ba ka sawo.
A arewacinsu in an ce "tea",
Abincin dare ne, tamkar tuwo.
Aka ce zo "tea", ka tafi a ƙoshe,
Ka ga nama zuciyarka na ciwo.

Baban Ummi: Allah ya ƙara basira, Gwana! Zazzau dai ba a ja da ku a fagen ilimi.

Na Ƙofar Mata: Wace basira? Mutum ya kawo kaya daga Turai, ita ta kawo tuwo. Zagezagi da yabon kai!

Malam Mai Aruli: Ku dakata. Ɗan Landan, ɗangonka na biyar ya yi ɗingishi. Bature ba ya furta "k" na farkon knackered, gaɓa biyu ce, kai kuma ka cusa ta inda ake son uku. Sannan ka haɗa "ciki" da "doki" a amsa-amo, alhali wasalin ƙarshen ɗaya gajere ne, ɗaya dogo. Ɗango na takwas kuwa ya fi sauran tsawo da taku biyu.

Ɗan Landan: Malam, a bar mu mu sha iska. Gwana, karɓi:

Akwai zaurance a gabashin Landan,
Na Cockney, mai ba baƙo kunya.
"Dog and bone", kare da ƙashi ke nan,
Amma nufinsu kawai dai waya.
"Apples and pears" matakalar bene,
Amsa-amo ne ya share hanya.
"Trouble and strife" kuwa matar aure,
Da jin baitinki, ba sa ƙarya.

Na Ƙofar Mata: Ya kwantar da ita! Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka.

Alhaji Mai Sule: Yara sai haƙuri, yau na ga saƙon farko, jikana ne ya buɗe mini. Tun da an taɓo fam:

"Bob" sule ne, "tanner" kuwa sisi,
Mun kashe su ku ba ku zo ba.
Kwabo sha biyu ke tashi sule,
Sule ashirin fam, ban manta ba.

Su sun bar wannan lissafin a 1971, mu naira ta zo mana a 1973. Sulen ma daga shilling ɗinsu muka samo shi.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, an wuce nan tun shekaranjiya, amma mun gode.

Gwanar Zazzau: Alhaji ina wuni. Ɗan Landan, ban manta da kai ba.

Matar da ka kira "trouble and strife",
Ita za ta hana ka yau ka shiga.
Ga wata kalma, ɗauko ƙamus,
"Defenestration", jifa ta taga.
A birnin Prag aka yi wa wakilan sarki,
A 1618, har aka ja daga.
In ta wurgo ka, ka kira "bobby",
Ɗan sandan Ingila, ko kuwa ka ruga.

Malam Mai Aruli: Inna lillahi. Gwana, karanta 1618 da baki ki ji: dubu ɗaya da ɗari shida da goma sha takwas. Wannan ɗango ne ko jimlar ɗan kasuwa? Babu Mutadarik, babu Mutaƙarab, babu karin da zai ɗauki wannan kaya.

Na Ƙofar Mata: Gaya mata, Malam! Dama na ce akwai gyara.

Baban Ummi: Ɗazu da ya gyara wa naku ai shiru ka yi. Shi kuma Malam, tun da aka buɗe zauren nan wa ya taɓa ganin baitinsa ko guda? Ma'auni a hannu, buhu babu hatsi.

Malam Mai Aruli: Aruli ilimi ne, Baban Ummi, tun Halilu ɗan Ahmad na Basra. Kalmar da ta fara da baƙi biyu a manne, irin skint, gaɓar Hausa ba ta ɗaukarta sai an ce "sikin". A kan wannan nake magana.

Baban Ummi: To, kawo baiti ɗaya da sikin ɗin mu auna.

Ɗan Landan: Jama'a ina da amsar da zan ba Gwana da "gutted" (baƙin ciki) da "chuffed" (farin ciki), ku ba ni fili mana.

Malam Mai Aruli: Sai ka gyara ɗango na biyar tukuna.