Sauya sitiyarin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska: shawarar masana a taƙaice

Masana da dama suna ganin cewa jirgin da bai kai mita 9 ba, sandar tuƙi, wadda ake turawa da hannu a juya jirgi maimakon sitiyari, ta ishe shi, kuma ba ta cika lalacewa ba.

Wanda ya zaɓi sitiyari mai sarƙa da waya, ya fara da duba allon juya jirgi na ƙarƙashin ruwa. In ƙarfensa yana girgiɗi, a sauya bushinsa tukuna, don sabuwar waya ba ta maganin wannan.

Wayar ta zama ta ƙarfe marar tsatsa, samfurin 7x19 (tufka 7, kowace da silili 19), mai kaurin milimita 5. Faɗin kowace kura, wato ƙaramin gargare da wayar ke bi ta kansa, ya kai ninki 20 na kaurin wayar, domin ƙaramar kura tana lanƙwasa ta fiye da kima har silillanta su tsintsinke. A goga tsumma a jikin tsohuwar waya: in ya maƙale, ta gama aiki. Sarƙa kuwa, a sa wadda maganaɗisu ba ya kamawa, kada ta rikita kamfas.

A ɗauki hoton yadda wayoyin suka gitta kafin a kwance. In an juya su, sitiyari zai yi dama, jirgi ya yi hagu. Inda almini ya haɗu da kusoshin ƙarfe a shafa Tef-Gel, wani man shafawa mai hana ƙarafa lalacewa, saboda ruwan gishiri yana cinye alminin. A gwada sandar ko-ta-kwana, wadda ake tuƙi da ita in sitiyari ya lalace, tun jirgi yana ɗaure a gaɓa.