Musayar waƙa: Weibo da talakawan Sin

Malam Habu: 'Yan'uwa, baitocina kan Weibo ne, dandalin gajerun saƙonni da aka buɗe a Sin a 2009. Mai amsa ya amsa.

A 2011 jirgin ƙasa ya daki ɗan'uwansa,
Kusa da Wenzhou, rai arba'in suka salwanta.
Hukuma ta haƙa rami ta binne tarago,
Masu waya suka ɗauka, Weibo ta yayata.
Dangi na cigiyar nasu a saƙo,
Masu ba da jini a asibiti sun halarta.

Rabi'atu: Malam, ka faɗi gaskiya. Ni batun yara ya fi tsaya mini a rai.

Deng Fei ɗan jarida ya leƙa ƙauyuka,
Ɗalibai da rana ba abin sawa a baki.
Ya roƙi yuan uku, kuɗin Sin, kan kowane kwano,
Aka tara kuɗi, tukunya ta hau aiki.
Shekarar ba ta ƙare ba gwamnati ta motsa,
Biliyan 16 ta ware, yara su cika ciki.

Isiyaku: Yaya Rabi, kada murna ta yi yawa.

Mutanen ƙauyen Wukan sun tashi kan gonakin da aka sayar,
Wakilinsu Xue Jinbo ya rasu yana tsare.
An ba su zaɓe a 2012,
Bayan 'yan shekaru shugabansu aka ɗaure.
A 2013 kotu ta ce in an kira saƙonka jita-jita,
Aka yaɗa sau 500, sai gidan yari ka tare.
Har shekara uku ce, ga kuma masu tace rubutu,
Ka wallafa da safe, kafin azahar an share.

Rabi'atu: Ƙanena, na san da Wukan, kuma tana ci mini rai.

Amma mutanen garin Shifang fa, a 2012?
Sun ƙi masana'antar tagulla, don iska da ruwa.
Hotunan dukan da aka yi musu sun bazu a Weibo,
Aka soke aikin, ba a kai ga ginawa.

Malam Habu: Isiyaku, ga nawa na ƙarshe.

Mai sharewa sai ya karanta kafin ya share,
Kafin nan dubbai sun adana a waya.
Ana cikin kullen korona, gobara a birnin Urumqi ta ci mutum goma a 2022,
Matasa suka fito da farar takarda, ba tsoron wuya.
An kama wasunsu, hakan ba ƙarya,
Disamba na kamawa, dokar kulle ta ja baya.